Yadda Ake Gane Shekarun Tsofaffin Kayan Katako na Skandinabiya Daga Azurfar da Ke Jikinsu

Kafintocin Suwidin da Denmak da Norwe na ƙarni na 18 da na 19 ba kasafai suke rubuta shekara a jikin aikinsu ba. Maƙeran azurfa kuwa doka ce ta ɗaure su, sai an buga wa aikinsu tambari kafin ya shiga kasuwa. Shi ya sa idan akwati ko madubi ko ƙaramin kabad ya zo da 'yar azurfa a bakin makulli ko a kusurwa, dillalai kan yi murna, domin sun sami abin da zai faɗi shekara. Sai dai azurfar shekarar kanta kaɗai take faɗa. Ko ita da katakon tare aka yi su, wannan aiki ne na dabam, kuma shi ne ya fi cin lokaci.

Mataki na farko: ka tabbatar azurfa ce

Yawancin kayan katakon yankin ba su da azurfa ko kaɗan. Mariƙan durowa da hinji da farantin bakin makulli galibi tagulla ne, wani lokaci an shafe ta da ruwan zinariya, a ƙauye kuma baƙin ƙarfe ne na maƙera. Azurfa a ƙananan kaya masu tsada take fitowa: akwatin kayan ado, akwatin tafiya mai kwalabe a ciki, akwatin ganyen shayi, madubin kwalliya, da ɗan farantin da ake liƙawa a kayan kyauta a zana sunan mai shi. Manyan kaya na azurfa zalla na fada ne, kuma da yawansu ma ba a can aka ƙera su ba. Kujerar sarauta ta azurfa da aka yi wa Sarauniya Kristina ta Suwidin a 1650 a Augsburg ta Jamus aka ƙera ta. Don haka duk wanda ya nuna maka babban kabad ya ce mariƙansa duka azurfa ce, ka ƙara buɗe ido.

Ka samo gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, wanda ke ninka abu sau goma, da ƙaramar tocila. Ka dubi wuraren da hannu ya fi gogewa, wato tsakiyar mariƙi da gefen ramin makulli. Azurfa ta gaske fara ce har ciki, komai gugar da ta sha. Wadda aka shafa a kan wani ƙarfe takan sirance, sai ka ga rawaya ko ja ko wani fari mai toka-toka yana leƙowa. Shafen azurfa da lantarki sai bayan 1840 ya bazu, shekarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar, saboda haka ko shafen ma ya ba ka iyaka. Haruffa NS, ko kalmar ALPAKA ko PLET, duk suna nufin ba azurfa ba ce. Maganaɗisu ba zai taimaka maka sosai ba, tunda tagulla ma ba ta kama shi. Ruwan gwaji mai cin ƙarfe kuwa ka bar shi, tabonsa ba ya fita.

Akwai tarko guda da ke kama ko waɗanda suka daɗe a harkar. A Suwidin kayan kuza ma ana buga musu harafin shekara irin na azurfa, kuma a shekarun 1920 da 1930 an yi yayin yi wa madubai da tebura ado da kuza, musamman a kamfanin Svenskt Tenn da aka kafa a Stockholm a 1924. Kuza ta fi taushi, launinta ya fi dushewa zuwa toka, ba ta yin baƙin da azurfa ke yi in ta daɗe ba a goge ba.

Mataki na biyu: nemo tambarin, kar ka goge

Kar ka kusanci man goge azurfa. Kowace guga tana cin tambarin, kuma dattin da ya taru a gefen ƙarfen shaida ce da za ka buƙata nan gaba. Ka kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da hasken tocila daga gefe yadda kowane ɗan rami zai yi inuwa. Ka duba gefen faranti, da ƙarƙashin mariƙi, da cikin hinji idan an buɗe murfi. Ka ɗauki hoto da waya ta cikin gilashin, ka juya hasken, ka sake ɗauka. Tamburan ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma sau da yawa a jere suke, uku ko huɗu.

In ba ka ga komai ba, ba lallai jabu ba ne. Ƙananan guntaye ba koyaushe ake buga musu cikakken jeri ba, kuma a akwati mai azurfa shida ko takwas, wataƙila babba ɗaya ce kawai ke ɗauke da tambarin.

Mataki na uku: karanta tambarin Suwidin

Nan ne aikin ya fi daɗi, domin tsarin Suwidin ya fi na kowa tsabta. Tun 1754 hukuma ke buga tambarin kambi uku a cikin wani zane mai kunnuwa uku, wanda 'yan kasuwar can ke kira kattfot. Kusa da shi akwai tambarin gari (na Stockholm kan Waliyyi Erik ne sanye da kambi), sai sunan maƙeri ko haruffan farkon sunansa, sai harafin shekara.

Harafin shekara na ƙasa baki ɗaya ya fara a 1759 da A. Haruffa 24 ake bi: babu J, kuma V da W gurbi guda suke ci. Idan an kai Z sai a koma A a ƙara lamba a gefe. Zagayen farko, wanda ba shi da lamba, daga 1759 ne zuwa 1782. A2 ita ce 1783, A3 1807, A4 1831, A5 1855, A6 1879, A7 1903, A8 1927, A9 1951, A10 kuma 1975. In ka riƙe 1759 da 24 a kanka, ba ka buƙatar jadawali.

Ga yadda ake lissafin. A ce ka ga N3. Lamba 3 ta kai ka zagayen da ya fara a 1807. Sai ka ƙirga a yatsa: A 1807, B 1808, har I 1815, ka tsallake J, K 1816, L 1817, M 1818, N 1819. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manta a sa J cikin ƙirga, sai duk harafin da ke bayan I ya ƙaru da shekara guda. Kuskure na biyu ya fi muni, wato lambar ta goge a ɗauka babu ita, ko a karanta 8 a matsayin 3. Tsakanin N3 da N8 shekara 120 ce. Abin da zai raba maka gardama shi ne harafin S a cikin zane mai kusurwa shida, wanda aka fara ƙarawa a 1912. In ka gan shi, zancen ƙarni na 19 ya ƙare. Daga wannan shekarar kuma har 1988, kambi uku a cikin zane mai siffar ƙwai alama ce ta kayan da aka shigo da su daga waje, don haka tambarin Suwidin ne amma aikin na wata ƙasa ne.

A kan tsofaffin kaya za ka iya ganin wani ɗan zane mai karkace-karkace kamar haƙoran zarto. Wurin da shugaban maƙera ya kankare 'yar azurfa ne don ya gwada ingancinta. Wasu kan ɗauka lahani ne su nemi a rage musu kuɗi, alhali alama ce mai kyau.

Sai a yi hattara da Finlan. Tana ƙarƙashin Suwidin har 1809, kuma daga 1810 ta fara nata zagayen haruffa mai kama da wannan. N3 ɗin da ta ba ka 1819 a Suwidin, a Finlan 1870 ce. Tambarin hukumar Finlan kambi ɗaya ne, kuma sau da yawa da lamba 813H a gefe.

Mataki na huɗu: Denmak da Norwe

Tambarin Kopenhagen hasumiya uku ne, a 1608 aka fara amfani da shi, kuma shekarar a ƙarƙashin hasumiyoyin take, galibi lambobi biyu na ƙarshe. To, 20 ɗin da ka gani, 1820 ce ko 1920? Amsar tana wurin tambarin jami'in gwaji, domin mutum ɗaya ne ke riƙe da muƙamin a kowane zamani, kuma an san shekarunsu. Christopher Fabritius ya riƙe daga 1749 zuwa 1787, Frederik Fabritius daga 1787 zuwa 1823, Peter Hinnerup daga 1840 zuwa 1863, Simon Groth daga 1863 zuwa 1904, Christian F. Heise daga 1904 zuwa 1932, Johannes Siggaard daga 1932 zuwa 1960. Lamba 20 da haruffan Heise, 1920 ke nan. A tsofaffin kayan Kopenhagen, har wajen tsakiyar ƙarni na 19, akwai ma tambarin wata, wanda ake nunawa da alamar buruji. Ganinsa kaɗai ya isa ya fitar da ƙarni na 20 daga lissafi.

Dokar 1893 ta sa 826 cikin 1000 ya zama mafi ƙarancin ingancin azurfa a Denmak, don haka 826S da sunan maƙeri na nuna bayan wannan shekarar. Ka ƙirga hasumiyoyin da kyau: in biyu ne, shafe ne.

Norwe ta fi wahala. Tana haɗe da Denmak har 1814, sannan da Suwidin har 1905, kuma garuruwanta kowanne da nasa tambari: Bergen ƙwallaye bakwai, galibi ƙarƙashin hoton ƙofar gari, Trondheim fure, Kristiania harafin C mai kambi (garin da aka mayar wa suna Oslo a 1925). Maƙeran Bergen kan buga shekara har da wata. Amma a ƙananan garuruwa da karkara, a Norwe da Denmak duka, abin da za ka samu sau da yawa haruffan maƙeri ne kawai. Daga dokar 1891 aka koma 830S da tambarin maƙeri, ba shekara. A irin wannan hali shekarun aikin maƙerin ne iyakarka. Tambarin David-Andersen ba zai riga 1876 ba, na Georg Jensen a Denmak ba zai riga 1904 ba. Ga maƙeran Denmak na da, kundin tamburan da Chr. A. Bøje ya tattara shi ne abin da masu harkar ke buɗewa.

Shekarar da aka zana da hannu, ko aka ɗiga da tsinin ƙarfe, tare da haruffan suna, ita ba tambari ba ce. Galibi ranar aure ce ko ta kyauta. Haruffa uku masu ƙarewa da S na nufin wane ɗan wane, masu ƙarewa da D wance 'yar wane. Ana iya zana su shekaru da yawa bayan an ƙera abin, wani lokaci kuma a kan kayan gado da aka sake bayarwa.

Mataki na biyar: shin azurfar a nan aka haife ta?

Yanzu kana da shekara a hannu. Kar ka yi saurin ɗora ta a kan katako. Mariƙai da faranti su ne abin da aka fi sauyawa a jikin kayan ɗaki: su karye a sake, yayi ya wuce a sake, ko dillali ya ɗauko tsohuwar azurfa ya liƙa wa akwatin da bai kai ta shekaru ba don farashi ya tashi.

Fara da gefen ƙarfen, ba tare da ka cire komai ba. Ƙarfen da ya shekara ɗari biyu a wuri guda yakan tara baƙin layi na kakin goge katako da ƙura a kewayensa, layin ya bi siffarsa daidai, har cikin kowane lanƙwasa. Idan ka ga wata inuwa a katakon da ta fi farantin faɗi, ko mai wata siffa dabam, to wani ƙarfe ne ya riga wannan zama. Sai ka buɗe durowa ko murfi ka dubi bayan wurin. Ramukan da aka toshe da guntun katako ko da kaki, ko rami biyu a inda mariƙin yanzu ke buƙatar ɗaya, sun gama ba ka labari.

Sa makulli a ramin, in yana nan. Ramin farantin ya kamata ya hau kan ramin kwaɗon daidai. Ka dubi inda makulli ya ci: idan katakon da ke ƙarƙashi ya ƙwaƙule saboda shekaru ana zira makulli, amma bakin azurfar na nan da kaifinsa, azurfar baƙuwa ce. Haka mariƙi mai lilo yakan bar ɗan tabo a inda yake bugun katako duk lokacin da aka sake shi. Ka ɗaga shi ka sake, ka ga ko a kan tabon yake sauka.

Wata alama da nake ba muhimmanci fiye da yadda aka saba ita ce ƙanƙancewar katako. Katako yana tsukewa ta faɗinsa in ya daɗe, musamman a gidajen arewacin Turai da ake ɗumamawa duk hunturu, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka siririyar azurfar da aka shimfiɗa a kan faɗin murfi tun asali takan ɗan kumbura a tsakiya, ko ta ɗaga a ƙarshe, ko ƙusoshinta su karkata. Wadda ta kwanta lif a kan katakon da ya tsage ya tsuke, bayan tsukewar aka sa ta.

Cirewa ita ce ta ƙarshe, kuma sai in da sukuru aka ɗaure, sukurun kuma ya juya ba gardama. In ƙananan ƙusoshi ne, ka bar su, za ka fasa fallen katakon da ke fuska. In kayan ba naka ba ne, ka nemi izini. Abin da kake nema a ƙasa shi ne katako mai launin da rana ba ta taɓa ba, daidai siffar farantin, da ramuka daidai adadin sukurorin. Sukurun kansa shaida ne. Na hannu, na kafin tsakiyar ƙarni na 19, bakinsa a datse yake ba tsini, zarensa ba daidai ba, tsagar kansa kuma sau da yawa ta kauce daga tsakiya. Mai tsini da zare sumul na inji ne. Mai tsaga kamar kuros bai riga shekarun 1930 ba. Amma sabon sukuru shi kaɗai ba ya kashe magana, don sukuru na ɓacewa a maye shi. Ka mayar da kowanne raminsa.

Ka sake duban inda tambarin ya zauna. Idan gefen faranti ya yanke shi rabi, ko ramin ƙusa ya huda shi, ko haruffan sun miƙe kamar an ja su, akwai yiwuwar daga wani abu aka yanko azurfar, misali hannun tsohon cokali, aka buge ta ta zama faranti. Ka huro numfashi a wurin: layin liƙin da aka haɗa guntu da guntu yakan bayyana na ɗan lokaci kafin tururin ya bushe.

Mataki na shida: ka tambayi katakon

Shekarar azurfa dole ta zauna lafiya da salon aikin. Salo mai lanƙwashe-lanƙwashe da ƙafafu masu gantsarewa na tsakiyar ƙarni na 18 ne, wajen 1750 zuwa 1775. Daga nan sai salon Sarki Gustav na Uku na Suwidin, wanda ya yi mulki daga 1771 zuwa 1792, mai miƙaƙƙun layuka da ƙafafu masu sirancewa zuwa ƙasa. Shahararren kafintansa Georg Haupt ne, wanda ya rasu a 1784. Daga wajen 1810 zuwa 1840 sai salon Sarki Karl Johan, mai nauyi, da jan katakon mahogani ko farin katakon birch mai walƙiya. Akwatin mahogani mai sassauƙan layi da N3 a bakinsa, magana ta haɗu. Kabad mai salon Gustav da harafin zagaye na 7 kuwa ba abin mamaki ba ne: a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 an koma yayin wannan salon, an yi dubbai. Kama da wane ba ta wane.

Juya durowa ka shafa ƙasanta. Sharar hannu takan bar ƙananan kwari da yatsa ke ji ko ido bai gani ba. Sawun zarto mai lanƙwasa kamar baka na injin zarto mai kewayawa ne, wanda bai zama ruwan dare ba sai daga tsakiyar ƙarni na 19. Haƙoran da suka haɗa kusurwar durowa, in na hannu ne, ba sa zama girma ɗaya, kuma za ka ga siririn layin da kafinta ya ja don awo. Ka leƙa baya da ƙasa da cikin durowa ko akwai haruffan kafinta da aka buga ko aka ƙona, ko takardar ƙungiyar masu sana'a. A Suwidin an rushe waɗannan ƙungiyoyi a 1846, don haka hatiminsu na gaske ba zai zo bayan nan ba.

Mataki na bakwai: rubuta abin da ka samu

Ka rubuta shi kashi biyu, na azurfa dabam, na katako dabam. Misali: azurfa, Stockholm, 1819, tamburan kaza da kaza, katako, fallen mahogani a kan katakon pine, aikin hannu, salon 1810 zuwa 1840, babu ƙarin rami, inuwa ta dace. A irin wannan kana iya cewa an yi akwatin a 1819 ko jim kaɗan bayanta, tunda kafinta na iya sayen faranti ya ajiye shekara ɗaya ko biyu kafin ya yi amfani da shi.

In akwai tsofaffin ramuka kuma katakon ya girmi azurfar, shekarar tambarin ta zama shekarar gyara, kayan kuma sun riga ta. Wannan ba aibu ba ne in an faɗa, kuma sau da yawa yana nuna lokacin da kayan suka sauya hannu. In kuwa azurfar ce ta girmi katakon da shekaru masu yawa, ka rubuta hakan ƙarara, ka saya a farashin katakon, ka ƙara kuɗin nauyin azurfar. Idan kuɗin da ake magana mai yawa ne, ka aika hotunan tamburan da na bayan durowa ga wani gidan gwanjo a Stockholm ko Kopenhagen kafin ka biya, ka kuma tambayi mai sayarwa ko kayan na cikin waɗanda ke buƙatar takardar izini kafin a fitar da su daga ƙasar, domin ƙasashen uku duka suna da dokar da ta hana fitar da wasu tsofaffin kaya ba izini.